Yadda Na Rufe Bakin Gangar Alƙali

Gidan da nake gadi a Nassarawa GRA gidan tsohon alƙali ne. Shekara shida ke nan ina bakin ƙofarsa. Unguwar shiru gare ta. Katanga doguwa, darbejiya da mangwaro, mota ta wuce ba ta yi ham ba. Idan cokali ya faɗi a gidan maƙwabta, kana iya cewa na shayi ne ko na miya.

Ni mutumin ƙauye ne, ƙasar Katsina, bakin daji. Ubana makaɗin gangar noma ne, ni ma ita na gada. Idan an yi gayya, mu muke bin manoma da ganga daga kunya zuwa kunya. Gangarmu ana jin ta a ƙauye uku. Da mutanen daji suka fara zuwa da bindiga, mai gari ya ce a daina kiɗa a gona, domin ganga tana gaya musu inda maza suka taru, tana kuma gaya musu inda babu maza. Na rataye ta a cikin rumbu. Bayan damina biyu suka zo duk da haka. Na binne matata da ƙanena, na fito da rigar da ke jikina.

Wanda ya samo mini aikin nan ya ja ni gefe tun kafin mu shiga. Ya ce, "Gidan alƙali ne. Idan an tambaye ka sana'a, ka ce noma. Kada ka ambaci ganga." Na ce noma. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

A shekarata ta biyar Alhaji ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki, gefen hagu. Ƙafar ta dawo da wuri, yana jan ta amma yana tafiya. Hannun ne ya ƙi. Hajiya tana fama da ciwon baya, ba ta iya sunkuyo, 'ya'ya duk sun yi nisa. Sai alwalarsa ta dawo kaina.

Mai hannu ɗaya zai wanke fuska, zai shafi kai. Amma dama ba ta cuɗa kanta. Ni nake zuba ruwa, ni nake cuɗa masa hannun dama har gwiwar hannu, sau biyar a rana. Duk lokacin da nake yi, sai ya kau da kai ya dubi bango. Mutum ne da aka shekara talatin ana miƙe masa tsaye. Bai taɓa cewa komai ba, sai rana ɗaya, yana kallon bangon.

"Ba na roƙon in sake tuƙi ko rubutu. Wannan kaɗai. In yi alwalata da kaina kafin a yi mini wanka."

Na ce, "Allah ya ba da iko." Na ɗauke buta.

'Yarsa ta biyu tana aikin asibiti a ƙasar waje, ɓangaren masu gasa jiki. Ta zo hutu da wani babban kwali. Ni na shigar da shi falon baya. A ciki akwai faifai huɗu na roba, kowanne kamar farantin tuwo, a kan ƙafafun ƙarfe. Ɗaya mai bakin ja, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗi, ɗaya kore. Akwai abin takawa a ƙasa kamar na mota, da sanduna biyu miƙaƙƙu. Ana haɗa shi da talabijin. Waƙa ta tashi, launuka su riƙa gangarowa kamar a kan titi, idan ja ya iso layi ka bugi ja. Ka buga daidai, launin ya yi haske, waƙa ta ci gaba. Ka kuskure da yawa, mutanen cikin talabijin su yi maka ature.

Alhaji ya dubi abin, ya dubi 'yarsa.

"Ganga kika kawo mini?"

"Magani ne, Baba. Ka ɗauka ƙwaya ce mai ƙafafu."

"Ƙwayar da na sani ana haɗiye ta, ba kowa ya ji."

"To wannan ma da abin sawa a kunne take. Waƙar kai kaɗai za ka ji."

Ta ɗaure masa sanda a hannun hagu da bandeji. Ya yi don kada ya ɓata mata rai. Mako na uku ba a buƙatar bandejin. Hutunta ya ƙare ta koma, shi kuma bai daina ba. Kullum bayan la'asar.

Waƙar dai a kunnensa take tsayawa, gaskiyarta. Abin da ba ta lissafa ba shi ne sanda a kan roba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ga na ƙafa yana dum a kan tayil. Falon bayan yana kallon katangar maƙwabta, tagogi kuma a buɗe suke, don wutar rana da ke gidan tana ɗaukar talabijin da fanka amma ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki.

Har ƙofa nake ji. Mummunan kiɗa ne. Roba ba ta da ciki, ba ta da murya. Amma akwai lokaci a cikinsa, kuma rabona da in ji mutum yana neman lokaci da sanda tun ƙauye. Idan an idar da la'asar sai in kashe rediyo. Ina jin dama ta sauka, in jira hagu. Da farko tana zuwa kamar baƙon da ya ɓace hanya. Daga baya ta fara zuwa kusa da lokacinta.

Direban gidan Bahaɗeje ne, kuma tsakaninmu da Haɗejawa akwai wasa tun kakanni. Ya same ni a kan benci rannan.

"Bakatsine, me ƙafarka take yi? Ko hanyar gida take nema?"

"Tana auna inda za ta sauka a jikinka."

"Ashe dai. Na ɗauka rawa ta zo maka da tsufa."

Na take ƙafar da ɗaya ƙafar.

Wata Juma'a maƙwabcinmu na bayan katanga, tsohon abokin aikin Alhaji, ya shigo gaisuwa da mutum biyu. Ni na kawo kujeru. An gaisa, an yi addu'a. Sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe biki ake a gidan ba a gayyace mu ba? Kullum bayan la'asar jikokina suna jikin katanga suna rawa."

Aka yi dariya. Alhaji ma ya yi. Ba da mugunta mutumin ya faɗa ba. Suna fita Alhaji ya ce mini, "A kai abin nan sito."

Hajiya ta ce, "Alhaji, hannun fa ya fara riƙe kofi."

"Na ji. Na tsufa da mutuncina, ba zan ƙare abin rawar yara ba. A kai shi."

Na ɗauke shi. Ban kai sito ba, na kai ɗakina na bakin ƙofa. Da yamma na sami Hajiya a bakin kicin.

"Hajiya, idan ba a jin sa a waje, zai yi?"

"Zai yi, in ba mai ji. Amma Malam, ka iya gyaran irin wannan?"

"Na iya sa abu ya yi shiru. Ki ba ni kwana biyu."

Ba zan ce don Alhaji kaɗai na yi ba. Ni ba na son kiɗan ya yi shiru. Amma abu biyu ne a gabana: a buga ba na ji, ko kada a buga sam. Na biyun na riga na san shi.

Direba ya samo mini yankakken soso a Kawaji, irin wanda masana'antu ke zubarwa. Na karɓo robar cikin tayar mota a wurin mai faci a Badawa. Wani baduku ya ba ni jemammiyar fatar akuya. Na yanka soso daidai kowane faifai, na ɗora roba a kai, na jiƙa fatar, na huda gefenta, na ja ta na ɗaure ta ƙasa da igiya, zare yana tsallake zare, yadda ake kai wa ganga fata.

Hannuna ya yi aikin bai tambaye ni ba. Warin jiƙaƙƙiyar fata ne ya kama ni. Na ga ubana a gindin tsamiyar ƙofar gida, kangon ganga a tsakanin cinyoyinsa, igiya a haƙori, yana yi mini alama da gira in riƙe nan. Na ga matata ta leƙo ta zana tana cewa mu matsa da warinmu, tana dama fura. Ba ta son warin nan ko kaɗan. Takan ce har a tuwo tana jin sa. Na zauna da igiya a hannu har fatar ta fara bushewa, sai da na sake jiƙa ta.

Direba ya leƙo.

"Manomin nan ya iya ɗinki."

"Buhu nake ɗinkawa."

"Wane irin buhu ne ake yi wa kwalliya haka?"

"Na zuba Haɗejawa."

Rana ta biyu, Alhaji yana barcin bayan azahar, muka mayar da faifan falo. Hajiya ta kunna talabijin. Na ɗauki sanda na bugi kowane faifai sau uku. Duka huɗun suka yi haske. Ƙara kuwa babu, kamar ka bugi matashi. Hajiya ta ce madalla. Alhaji ya tashi ya gani, ya sa aka je bayan katanga aka saurara, ba a ji komai ba. Ya zauna ya sa abin kunnensa.

Na koma ƙofa ina ganin na yi aiki.

Kwana huɗu, sai na ga alwala ta sauya. A da ya fara ɗora hannun hagu a kan dama yana gwadawa kafin in karɓa. Yanzu ya bar shi a kan cinya. Rana ta shida ya ce, ba ni yake wa magana ba, "Ya koma baya."

Na ce, "Wa?"

"Hannun. Da ina kai ƙarshen waƙa. Yanzu ko rabi ba na kaiwa mutanen talabijin suke korata. Duk na hagu ne ke faɗuwa." Ya dubi hannun. "An ce yana yin haka. Ya taso, ya ba ka rai, ya koma."

Ya buga wa 'yarsa waya, ta ce a kai shi asibiti a duba. Ya ce ba inda za shi. Washegari la'asar ta yi, bai shiga falon ba. Rana ta biyu ma haka. Wannan karon ba wanda ya yi masa dariya, shi ya yanke wa hannun hukunci da kansa.

Abin ya tsaya mini. Kafin in rufe bakin gangar ina jin hannun nan kullum, na san inda ya kai. Hannu ba ya rasa abin da ya samu a wata biyu cikin kwana huɗu ba tare da wani ciwo ba. Amma yanzu ba na ji, ni na toshe kunnena da kaina.

Na same shi a baranda.

"Ranka ya daɗe, ka buga sau ɗaya in gani."

"Ka ga me?"

"Hannun."

"Likita ka zama?"

"A'a. Sau ɗaya."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin bai saba in nemi abu ba. Ya tashi.

Na ce a cire abin kunnen, a bar waƙar ta fito kaɗan-kaɗan daga talabijin. Ban dubi launuka ba. Na tsaya a gefensa ina jin waƙar, ina kallon wuyan hannunsa. Aikina ke nan shekara ashirin. Makaɗin gayya ba gangarsa yake kallo ba, hannuwan mutane yake kallo, mutum arba'in a jere, ya ga wanda garmarsa ta sauka a makare ya je kansa da kiɗa. Na san hannun da ya yi latti tun daga kafaɗa.

Hannun Alhaji bai yi latti ba. Yana sauka a kan lokaci, a hankali, ba ƙarfi. Faifan ne ba ya amsawa. Mutanen talabijin suka fara ature, ya ajiye sandunan.

"Ka gani."

"Na gani. Hannunka lafiya lau. Ni na kashe gangar."

"Kada ka lallashe ni, Malam. Ba na so."

"Ba na lallashi. Na yi mata kauri. Da na gwada, da hannuna na gwada, ni kuma ban iya bugu a hankali ba. Ba a koya mana ba. Mu so muke a ji a ƙauye uku."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Ku su wa?"

"Makaɗa. Gangar noma. Ubana ma."

"Ka ce mini noma."

"A gona ake yi."

Na jira. Idan kora ce, na taɓa barin wurin da ya fi wannan. Ya dubi ɗaurin igiyar da ke ƙasan faifan, kamar yanzu ya fara ganinsa. Bakinsa na gefen dama ya ɗan motsa.

"Shekara biyar kana ba da shaidar rabi a gidan alƙali."

"Ba a ƙara tambayata ba."

"To. Kan maganar hannun, kai kaɗai ka gani. Shaida ɗaya ba ta isa."

Na zaro wuƙa na yanke igiyar jan faifan, na ɗaga fata da roba da soso gaba ɗaya. Na ce ya buga yadda yake bugawa, kada ya ƙara ƙarfi. Ya buga. Ƙwas. Ja ya yi haske. Ya sake. Ya sake haske. Ya buga sau goma, bai faɗi ko ɗaya ba.

Na ce, "Ga ta biyu."

Ya riƙe sandar yana kallon hannun. Na fita na ba shi wuri.

A ɗakina na tuna abin da ya kamata in tuna tun farko. Idan an yi rasuwa a gari, ubana kuma yana son ya gwada sabuwar fata, ba ya taɓa gangar. Kan gula yake naɗewa da tsumma, sandar kiɗan ke nan. Ganga ta ji bugun, gari bai ji ba. Ni na je na binne gangar da ranta.

Na sake aikin. Na zubar da soso da robar mota. Fatar na naɗe ta na ajiye. Na karɓo robar cikin tayar keke, siririya, na shimfiɗa falle ɗaya a kan kowane faifai da sholisho. Kan sandunan na naɗe da tsohon ƙyallen rawani, na bi da zaren roba har suka yi kai kamar ƙwan kaza. Gindin ta hagu ma na ƙara masa kauri, don yatsun da ba sa rufewa sosai su sami abin kamawa. Ƙafafun ƙarfen na ɗora su a kan tsofaffin silifa. Abin takawa na sa masa kafet ninki biyu, na liƙa soso a inda yake dukan ƙasa.

Wannan karon ban gwada da hannuna ba. Na roƙi Hajiya ta riƙe sandar da yatsu biyu ta sake ta ta faɗi da nauyinta. Inda bai yi haske ba, na rage naɗin. Sau huɗu muna yi. Direba yana bayan katanga yana saurare. Ya dawo yana kakkaɓe wando.

"Me ka ji?"

"Cikina. Ban ci abincin rana ba."

"Ban da shi."

"Kurciya. Da jikokin mutumin nan, suna tambaya ko mai gangar ya mutu."

A cikin ɗaki ana ji kaɗan, kamar kaza tana tsintar tsaba a kan tabarma. Daga taga zuwa katanga ya ɓace.

Alhaji ya koma bugunsa. Bai gaya wa kowa maganata ba, ko Hajiya ban ga alamar ta sani ba. Sau ɗaya ya taɓo ta. Ya gama, na shigo ɗaukar kofi, ya kashe talabijin ya miƙo mini sandunan.

"Yi mini na gonar."

"Ba zai fito ba, ranka ya daɗe."

"Yi dai."

Na tsaya a tsaye, don ba a zaune ake yinsa ba. Sandunan miƙaƙƙu ne, faifan ba ya rataye a kafaɗa, komai ba a wurinsa yake ba. Na ɗauko kiɗan da ake yi idan an kusa kai ƙarshen kunya, rana ta take, mata sun fara ɓullowa daga hanyar gari da ƙoren fura a ka. A nan ne ƙanena yake wuce kowa, ya juyo yana dariya. Na kai wurin da manoma ke amsawa da murya. Na tsaya.

"Shi ke nan?"

"Saura sai da mutane."

Ya karɓi sandunansa. Bai ƙara nema ba, na kuwa gode masa.

Aka shiga damina. Wata rana da azahar na kawo buta kamar kullum. Ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, ya wanke fuska. Na zuba a kan damansa na miƙa hannu zan cuɗa.

"Dakata."

Ya ɗago hagun. Ta ɗauki lokaci kafin ta iso. Ya ɗora ta a wuyan hannu, ya ja ta zuwa gwiwa da yatsu uku, ya juya ya bi ta ƙasa. Kafin ya kai, ruwan ya tsane. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya yi sau uku, gumi yana zubo masa ta gefen kunne. Bai dubi bango ba.

Da ya gama ƙafafu ya ce, "Gobe ka ajiye butar a nan ka koma ƙofa."

Na ce to.

Tun daga ranar ba a kira ni alwala ba. Yatsu biyu har yau ba su buɗe ba, likita ya ce wataƙila haka za su zauna. Yana bugawa har yanzu, ba kullum ba. Daga ƙofa ba na jin komai, na yi aikin da kyau. Idan an idar da la'asar wani lokaci nakan ɗauki tsintsiya in zagaya baya, in yi ta sharar gindin tagar, ko da ganye bai zubo ba.